Yadda Tsabtar Iya Tabawa Ta Ɓata Ƙwan Agwagwa

Yara, ga dalilin da ya sa ƙwan agwagwa kullum yake da dauɗa, kuma ba a wanke shi in ana son ya ƙyanƙyashe.

A da can, ƙwan agwagwa fari ne fes, ya fi na kaza haske. A wani ƙauye da ke bakin tafki akwai wata tsohuwa, Iya Tabawa, wadda tsabtarta ta yi yawa. In ta gama shara sai ta wanke tsintsiyar. Duk kiwonta bai wuce agwagwa guda ba, ita ma ta fara tsufa, don haka Iya ta ƙwallafa rai ta samu 'ya'yanta kafin ta daina ƙwai.

Da damina ta sauka, agwagwa ta saka ƙwai goma sha biyu a bayan rumbu, ta hau kwanci. Wata rana da hantsi ta tafi tafki shan ruwa. Iya ta leƙa gurbin, ta ga ɗigon laka a jikin ƙwai ɗaya. Ta koma ɗaki ta zauna, zama ya gagara. Sai ta ɗebo ruwan randa mai sanyi da sabulun salo, ta wanke shi. Da ta ga ya fi sauran haske, ta dirje sauran ma da soso, ta mayar da su ta jera.

Agwagwa ta dawo, ta juya ƙwan da baki, ta ji babu maiƙon nan da ke rufe ɓawo. Ta tambaya ko wani ya taɓa mata gurbi. Iya ta ce ita ce, kuma ba sai an gode mata ba.

Agwagwa ta koma kan ƙwan, ta kwanta kwana talatin da biyar cif. Ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba. Da aka ƙara kwana uku, sai ɗaya ya fashe, wari ya kori har maƙwabta. Duka sun zama baragurbi.

Iya ta zauna gindin rumbu tana share hawaye. Agwagwa ta ce mata, "Iya, ƙwai yana da rigarsa, ido ne ba ya ganinta. Kin tuɓe musu riga, ruwa ya shige ta ɓawo da ƙazantar da kike gudu."

Iya ta rantse ba za ta ƙara ba.

"Na yarda da zuciyarki, Iya. Hannunki ne ban yarda da shi ba."

Bayan wata biyu agwagwa ta sake saka ƙwai bakwai, iyakar ƙarfinta ke nan. Wannan karon ta shiga lakar tafki har gwiwa, ta dawo ta tattake su ɗaya bayan ɗaya. Iya ta leƙa, ƙyama ta hana ta taɓa su. In za ta wuce ta wajen sai ta kau da kai. Rannan da abin ya ishe ta, ta ɗaura busasshen tsumma a kan kara, ta goge ɗaya daga nesa. Agwagwa na kallo, ta ƙyale ta.

Bakwai ɗin nan duk suka fito. Da suka girma, uwarsu ta tara matan cikinsu ta gaya musu abin da ya faru, su ma suka gaya wa nasu.

Shi ya sa har yau masu kiwo busasshen tsumma kawai suke sa wa ƙwan kwanci. Ita kuwa agwagwa, ko a gidan ƙazamai take, sai ta tattake ƙwanta da laka, don ba ta san ranar da mai tsabta zai zo baƙunta ba.