Nomau, Barsu da Ƙanzon Tuwo

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne!

An yi wani manomi ana ce masa Nomau. Mutum ne mai tambayar tsiya. Ko kaza ya gani tana tono, sai ya tsaya ya ce, "To, me ya sa?" Gonarsa ɗaya tal, ta gyaɗa, a gindin dutse. Bara birai suka sauko suka cinye ta, da ƙyar ya tsira da ɗan iri. Bana ya zuba irin nan duka a ƙasa. In birai suka sake cinyewa, ba abinci, ba iri, sai dai shi da matarsa Tabawa su bar garin.

Sai ya je wurin wani maharbi ya roƙo ɗan kwikwiyo da zai riƙa korar masa birai, ja mai farin wuya, ya sa masa suna Barsu. Ya kai shi gona ya ce, "Barsu, zo!"

Barsu yana can yana bin fara. Sai da ya gama wasansa sannan ya zo yana kaɗa wutsiya.

Nomau ya riƙe haɓa. "To, me ya sa?"

Ashe Biri yana bisa tsamiya yana kallo. Ya leƙo ya ce, "Sannu da aiki, Malam Nomau. Ai abin mai sauƙi ne. In ya zo a makare, ka zane shi."

Ku ji fa, yara. Mutum yana neman maganin biri, biri yana ba shi shawara! Amma Nomau in dai an amsa masa tambaya, ba ya duba wa ya amsa. Ya karyo tsumagiya ya zane Barsu.

Kashegari ya ce, "Barsu, zo!" Barsu ya zo rabin hanya ya tsaya, wutsiya a matse.

"To, me ya sa?"

Biri ya ce, "Ai abin mai sauƙi ne. Lallaɓa shi ya zo, in ya zo ka ɗaure shi ya wuni a rana."

Nomau ya ɗaure shi, ya wuni a rana.

Rana ta uku ya ce, "Barsu, zo!" Barsu ya zura da gudu, sai ƙura.

"To, me ya sa?"

Biri ya danne dariya ya ce, "Ai abin mai sauƙi ne. In ya gudu, jefa masa tuwo."

Haka aka yi ta yi har gyaɗa ta yi fure. Da an ce "zo", Barsu ya ruga, tuwo ya bi shi. Nomau ya rame, abin duniya ya ishe shi, tsoro ya kama shi sosai.

Ran nan da hantsi yana zaune a tsakar gida, Tabawa ta ɗauki tukunya ta fara kankare ƙanzo, ƙurr, ƙurr. Kafin ta ɗaga kai, sai ga Barsu daga bayan gari a guje, ya zo ya zauna gabanta tsaf. Nomau ya saki baki.

"Tabawa, me kika ce masa?"

"Ni? Ban ce komai ba, Malam. Kullum haka yake yi."

Nomau ya tambayi maharbi, ya tambayi Biri, ya tambayi Tabawa. Sai a ranar ya tuna akwai wanda bai taɓa tambaya ba. Ya tsuguna daga nesa ya ce, "Barsu, don Allah me ya sa kake jin kiran tukunya, ba ka jin nawa?"

Barsu ya lashe baki ya ce, "Maigida, ai ina ji. Duk abin da ka koya mini na haddace. Na zo, na sha tsumagiya. Na zo, na sha igiya. Na gudu, na ci tuwo. Ita kuwa tukunya ba ta taɓa kirana ta doke ni ba."

Kunya ta rufe Nomau. Ya ce, "To yanzu yaya za mu yi?"

"Kalmar nan taka ta lalace a kunnena. Nemo wani kiran."

Nomau ya cika aljihu da ƙanzo. Ya tsaya taku uku daga Barsu ya yi fito, fiit! Barsu ya matso, ya ba shi ƙanzo nan take. Gobe taku goma. Jibi daga ƙofar gida zuwa rijiya. Wata rana kuma Barsu ya ga ƙadangare ya manta da komai, hannun Nomau har ya kai ga tsumagiya, ya tuna, ya janye. Suka koma taku uku suka sake farawa. A bayan gida suke yin wannan duka, Biri bai sani ba. In sun je gona, Nomau ya ce "zo", Barsu ya ruga, Biri ya yi ta murna.

Da gyaɗa ta nuna, Biri ya tara danginsa kaf. Ya ce, "Ku sauko ku ci. Karen nan ni na karantar da shi."

Suka sauko, suka baje a gona. Nomau ya daka tsawa, "Barsu, zo!" Barsu ya ruga can ƙarshen gona, bayan birai, ta wajen dutse. Birai suka fashe da dariya. Sai Nomau ya yi fito, fiit!

Barsu ya juyo kamar an harbo shi, ya ratso tsakiyarsu yana haushi. Gaba Nomau da sanda, baya kare, hanyar dutse a toshe. Birai suka watse, wani ya faɗa ƙaya, wani ya faɗa rafi. Barsu ya cafke babban Birin a ɗuwawu, Biri ya fizge da ƙyar, ya bar gashin wurin a bakin kare. Shi ya sa har yau in kun duba mazaunin biri za ku gan shi ba gashi.

Nomau ya tone gyaɗarsa, ya cika rumbu, ya ware iri. Don murna ya ɗaga hannu zai shafa kan Barsu. Barsu ya runtse ido, ya maƙe wuya, yana jiran duka. Nomau ya tsaya da hannu a sama, hawaye ya zubo masa. Har Barsu ya tsufa yana amsa fito daga ko'ina, amma bai daina runtse idon nan ba.

To yara, duk wanda kuka kira ya zo, kada ku sa ya yi da-na-sanin zuwa.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu. Tawa ta ƙare a nan.