Zoɓo Tsakanin Gwaggo Kanwa da Inna Tsamiya

Dalilin da ya sa zoɓo yake rinewa idan kanwa ta taɓa shi, ya kuma dawo ja idan aka matsa masa tsami, ba tsafi ba ne. Ku zauna ku ji, kada wanda ya katse ni.

A can da, Zoɓo yaro ne maraya, yana zaune gidan kakansa Ruwa, tsohon da ba ya korar baƙo. Dangi biyu suka rage masa: Gwaggo Kanwa a wajen uba, Inna Tsamiya a wajen uwa. Kowacce tana son a ba ta riƙonsa, kuma ba sa ga maciji da juna.

Inna Tsamiya ta ɗinka masa jar riga. Da labari ya kai wa Gwaggo Kanwa, ta aiko da tata, koriya mai duhu, da saƙo:

"A gaya masa ɗan wana ne shi. Ranar da na gan shi da jar rigar nan, babu ni babu shi."

Tsamiya ta ce, "Ni na goya uwarsa. In ya sa waccan tsummar, ya manta hanyar gidana."

Yaro ya rasa abin yi. Duk wadda ya zaɓa, ya rasa ɗaya, shi kuwa ba shi da dangin zubarwa. Sai ya sa rigunan duka biyu. In ya ji takun Inna, ya mai da ja sama. In ya ji tarin Gwaggo, ya juya.

Haka aka yi ta tafiya, har ranar da Inna da Gwaggo suka yi karo a zaure.

"Ke mai yamutsa fuskar mutane, me kika zo nema?" in ji Kanwa.

"Abin da ya kawo ki, tsohuwa mai ɗaci."

Suka kaure. Kumfa ta tashi har ta malala tsakar gida, kowacce na cinye ƙarfin 'yar'uwarta. Kanwa ta ga ba ta ci riba ba, ta je ta kwaso 'ya'yanta kaf, har da Toka maƙwabciyarta. Suka cika gidan. Zoɓo ya yi ta cusa jar riga ciki, yana duhu, yana duhu, har kakansa ya kasa gane shi.

Ruwa ya ce, "Kanwa, dube shi da kyau. Wannan ne ɗan wan naki?"

Ta duba. Yaro ya yi baƙi-ƙirin, ya yi laushi, ko magana ba ya yi. Ita da kanta ta ce a kira Tsamiya.

Tsamiya ta zo da ƙanenta Lemo. Ba su shigo da gudu ba. Taku ɗaya, gefen jar riga ya leƙo. Taku biyu, yaro ya yi shunayya. Da suka zauna kusa da shi, ja ya dawo.

Da ya sami baki ya ce, "Inna, Gwaggo, ba zan tuɓe ko ɗaya ba. Wadda ta fi yawa a gidan nan, rigarta ce a sama, daidai yawanta, ba ƙari. Ta ɗayar tana ƙasa tana jira. In kun zo daidai, ku gan su tare."

Kanwa ta ce, "In na zo da gayya na daɗe fa?"

"Sai ki rasa ni, ita ma ta rasa ni."

Ba wadda ta ji daɗi, amma ba wadda ta ƙi.

Shi ya sa har yau zoɓo yake bin wadda ta rinjaya a tukunya, ɗigo da ɗigo, ba ya yar da rigar kowa. In hannunku ya zarce da kanwa, ku yi maza da tsami. In kuka bar shi ya kwana a haka, ko buhun lemo kuka matse, yaron ba zai dawo ba.