Buntun da Ya Sha Rini

Akwai wani mutum marini, wanda ruwan rininsa yakan bi kwata ya gangara lambun maƙwabcinsa. Albasar maƙwabcin ta fara ƙonewa. Ranar wata Laraba, da ƙarfe tara na safe, maƙwabcin ya zo ya ce, "Baban Talatu, ba na son faɗa. Amma in kasuwa ta zagayo ruwan nan bai daina ba, zan kai ka gaban dattawa su rufe marinar."

Marinin kuwa ba shi da wata sana'a.

A kwanakin nan matarsa ta casa shinkafa. Da ta ga juji da nisa, sai ta juye buntun a kwata. Marinin ya yi ta faɗa: "Ana neman rufe mini marina, ke kuma kin toshe hanyar ruwa!"

Ta ce, "Maigida, buntu ne fa, ba dutse ba."

Kashegari sai ga maƙwabcin da sauri. Marinin ya ɗauka faɗa ne ya kawo shi. Amma mutumin ya kama hannunsa ya ce, "Sarkin shuɗi, ka daina aiki ne? Zo ka gani!"

Suka bi kwatar. Ruwan yana shiga buntu baƙi ƙirin, yana fita fari. Bai isa a sha ba, amma launin ya tafi. Marinin ya damƙi buntun, ya ga ya rine har ciki. Ya zauna a ƙasa ya yi ajiyar zuciya.

Matar ta ce a bar wa kaji su tona. Ya ce, "A'a. Ya ɗauki dafin. A binne shi nesa, a zuba sabo." Haka ya riƙa yi, albasa kuwa ta farfaɗo.

Ma'anar wannan misali ita ce: ruwan rini zunubinmu ne, ba ya tsayawa a gidanmu, sai ya gangara wa na ƙasa da mu. Buntun da aka raina kuwa Almasihu ne. Ba shi da aibi, amma ya ɗauki baƙinmu a jikinsa, aka binne shi. Bambancin ɗaya ne: buntu yakan ƙoshi a sake shi, Ubangiji kuwa ya ɗauka sau ɗaya, ya kuma tashi. 'Ya'yana, kada ku yi fahariya da farin ruwanku, ku tuna wanda ya yi baƙi dominsa.

Da dattawa suka ji labari suka zo dubawa ranar kasuwa, ga abin da suka tarar: marini a bakin marinarsa, matarsa tana sheƙe shinkafa, maƙwabci yana ban ruwa, da albasa a tsaye. Buntun farko ne kaɗai ba ya nan, gama an binne shi.