Gurbi Ɗaya a Cikin Laka

Dalilin da ya sa mace da namijin fumfunar ruwa in sun haɗu ba sa ƙara rabuwa, yau na ji shi! Ummita, Sagiru, ku matso mana! Kun san farin abin nan kamar auduga da ke fitowa a jikin mataccen ƙuda a kududdufi? Shi ne fumfunar ruwa, kuma wallahi mai rai ne! A makaranta Malama ta ɗiga mana ruwan a madubin nan mai ƙara girman abu, na ga 'ya'yansa da idona, kowanne da wutsiya ɗaya, suna ta iyo. To ga tatsuniyarsu.

Da can ba ruwansu da aure, kowa shi kaɗai yake zuba 'ya'yansa. Sai wata shekara Rani ya zo a fusace ya shanye kududdufin. Suka yi ta mutuwa, 'ya'ya na bushewa a kan gawar iyaye. Saura biyu kacal a ɗan ruwan da ya kwanta cikin sawun saniya: Tabawa, ƙatuwa, cikinta fal guzuri amma nauyi ya hana ta sauri, da Jatau, ɗan mitsitsi ja, ga gudu, babu ko loma.

Tabawa ta ce, "Inna Laka, ɓoye mu, Rani zai cinye mu!"

Laka ta ce, "Gurbina ɗaya ne, 'yar nan. Na mutum ɗaya."

Jatau ya ce, "Ni zan shiga, na fi ki sauri."

"Ka shiga ka ci me, ɗan tsurut? Wata bakwai ne fa kafin damina!"

"Ke kuma kafin ki ja wannan jikin ki isa, kin bushe."

Suna cacar baki, ruwa na ja. Laka ta ce, "To ku zama ɗaya. Amma ku sani, wanda ya shiga ba shi zai fito ba."

Ruwan ya yi kauri, Jatau ya rasa inda take. Sai Tabawa ta saki wani ƙamshi, ta ce, "Biyo shi ka same ni." Ya biyo, ya narke a jikinta. Wutsiyarsa ta ja su har gurbin, fatarsu ta yi tauri kamar ƙwallon goruba. Rani ya lasa, ya taka, ya kasa fasawa.

Da damina ta sauka, ɓawon ya tsage, 'ya'ya suka fito rututu. Suka kira Inna, suka kira Baba. Ba kowa a ciki.

Shi ya sa har yau macen ce ke sakin ƙamshi, ɗan jan ya biyo, su narke cikin juna, kuma a cikin 'ya'yan da suke bari babu wanda ya taɓa ganin uwarsa.