Zane Goma Sha Tara a Littafin Baba Ottmar

Akwai wani Habu da ke aikin kula da tsofaffi a wani care home da ke Gorton, a Manchester. Cika baki kam, ko ni da kuka sani idan ya fara nakan ja kujera in saurara.

A 2014 aka haɗa shi da wani tsoho Bajamushe, Baba Ottmar, mai shekara casa'in da ɗaya. Wata safiya yana gyara masa durowa ya ci karo da wani tsohon littafi.

Ashe matuƙin jirgin yaƙi ne a Yaƙin Duniya na Biyu! Yana da shekara ashirin ya fara tashi. Jirage goma sha tara ya kakkaɓo, kowanne da zanensa a littafin. Da aka harbo nasa, sojojin Ingila suka kama shi. Bayan yaƙi ya yi aure a Manchester, ya zauna.

Tsigar jikin Habu ta tashi. Hannun da yake ba wa cokali kenan! Daga ranar kullum sai ya yi masa kirari: "Shaho mai sama! Sha tara ba gargada!"

Ran nan tsohon ya roƙi a kai shi Birmingham. Akwai wata Doreen, 'yar wani matuƙi da ya harbo. Shekara talatin yana rubuta mata wasiƙa ba amsa. Yanzu tana kwance a asibiti ciwo ya yi tsanani, ta yarda ya zo na minti goma.

A ƙofar ɗakin suka tarar da nas Murna, 'yar Jos da suka san juna da Habu. Bakin Habu ya ƙi zama. Da Turanci ma ya faɗa, don kowa ya ji:

"Sister, ba mu hanya! Jirage sha tara mutumin nan ya sauko da su!"

"Kai Habu, kanka ɗaya kuwa?" in ji Murna da Hausa. "Har da na baban Doreen a ciki!"

Ɗan Doreen da ke zaune a gefen gadonta ya miƙe ya tare ƙofa. "Ku fita."

Baba Ottmar ya dafa keken guragunsa ya miƙe. Ya dubi Habu.

"Jirage kake ƙirgawa, ɗana. Mutum arba'in da uku ne suka mutu a cikinsu."

Sai ya fara jero sunayensu da ka, kowa da shekarunsa da garinsu. Shekara sittin ya yi yana nemo su. Masu wucewa suka tsaya cak. Da ya kai kan Arthur Pickard, ɗan shekara ashirin da huɗu, aka ji muryar Doreen daga gado:

"Bar shi ya shigo. Yaya babana ya mutu?"

"Jirginsa na ci da wuta, amma ya ƙi sakin sitiyari har sai da abokansa shida suka dira da lema. Da idona na gani."

Doreen ba ta taɓa jin wannan ba. Ta miƙo hannu, ya riƙe. Minti goma ta cika, Murna ta ja ƙofa a hankali ta bar su.

Darasi: Kafin ka yi wa wani kirari da bajinta, tambayi gidan da aka yi makoki a kanta. Ku tura wa masu sakin baki irin Habu, kun san su.