Sunan da Koci Ya Soke

Yaya Irimiya, yau Lahadi ta uku ke nan yaran ajinka na coci suna zaune a gabana. Ban iya koyarwa kamarka ba. Ga dai abin da na rubuta musu.

Akwai wani mai horar da 'yan gudu a wata kwaleji da ke can kan duwatsu. Yana da ɗalibai shida masu tseren dogon zango, irin wanda ake bi ta gonaki da rafi da hawan tudu. Gudun nan ne yake ɗauke musu nauyin karatu. A irin wannan tsere kuwa, ba a ba ƙungiya matsayi sai mutum biyar nata sun ƙetare layi.

Wata rana shugaban kwalejin ya kira shi ya ce, "Koci, kuɗin tafiya gasar bana na mutum biyar ne. In kuma kuka dawo hannu banza, an rufe gudu."

Koci ya fito. Ya duba jerin sunaye, ya duba abin da agogo ya nuna. Kullum Gayus ne na ƙarshe. Sai ya soke sunansa.

Zakka, wanda yakan zo na biyar, ya ce, "Koci, don Allah a bar Gayus."

"Gayus ɗin da akuya mai ciki za ta riga isowa? Je ka wanke takalminka."

Ranar gasa koci ya tsaya a bakin layi yana ƙirga nasa. Ɗaya, biyu, uku. Can sai na huɗu. Na biyar shiru. 'Yan wasu makarantu suna ta wucewa. Ya hango Zakka a gindin tudun ƙarshe, ya tsaya, hannu a gwiwa, yana waiwaye.

Sai ga wani a bayan igiyar da ta killace hanyar tsere, cikin karan dawa, da silifas. Gayus ne, ya biyo motar kasuwa.

"Zakka, ɗaga kai. Ina bayanka."

Zakka ya ɗaga kai. Ya hau tudun, Gayus yana binsa ta wajen igiya, ko haki ba ya yi. Da ƙyar suka samu matsayin da ya ceci gudun.

Koci ya ce, "Ashe kana da gudu haka, kake zuwa na ƙarshe?"

Gayus ya ce, "Ai shi ba ya iya tudu in babu kowa a bayansa."

Ma'anar wannan misali ita ce, mu mutane da agogo muke auna juna, sai mu soke wanda yake riƙe da mu ba mu sani ba. Ku duba gidajenku, yara. Akwai mai rage saurinsa saboda ku. Ku gode masa tun yana nan. In kuma wata rana kuka waiwaya ba ku ga kowa ba, Ubangiji bai bar bayanku ba.

Haka zan karanta musu, Yaya, ina fata muryata ba za ta karye a layin ƙarshe ba. Tun ranar da muka binne ka, duk safiya ina kaiwa gindin tudun nan namu da muka saba hawa kana bayana, in waiwaya, in juyo gida. Mama tana tsammani ina hawa. Ban gaya wa kowa ba tukuna.