Marin Da Lurwanu Bai Nuna Ba

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya can, zamanin da ake saɓa kyamara a kafaɗa kamar buhun gero. Sunansa Lurwanu. Bawan Allah ne marar hayaniya, sana'arsa ɗaukar biki da suna, da ita yake ci da iyalinsa.

To, garin nan Allah Ya jarrabce su da son ƙwallo. Ƙungiya biyu ce, 'yan Tudu masu jar riga da 'yan Gangare masu koriya. Lurwanu ya ce a ransa, kullum 'yan wasa ake ɗauka, masu shan rana a bakin fili fa, wa ya taɓa tambayarsu abin da ya kawo su? Sai ya ɗaura niyyar yin fim a kansu.

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauki Iya Kande mai zoɓo, wadda in Gangare ta ci sai ta rabar da sauran kyauta, in an cinye su ma ta rabar, wai don yara su huce. Ya ɗauki Malam Jatau makaho, wanda ba ya fashin wasa, da ihun mutane yake gane wanda ya ci. Ya ɗauki Sallau mahauci, shugaban magoya bayan Tudu, ƙato mai murya kamar aradu, ranar da ya goya ɗan wasan Gangare da ya karye a babur zuwa wurin mai ɗori, yana tafe yana masa faɗa: "Kai wa ya aike ka wannan tsalle?"

Ku saurara, jama'a. Ran wasan ƙarshe alƙalin wasa ya busa abin da 'yan Tudu ba su yarda ba, fili ya kaure. Jifa, sanda, zagi. Idon Sallau ya rufe, ya waiwayo ya ga kyamara a kansa, ya zagi iyayen Lurwanu, ya ɗauke shi da mari har ƙasa. Kyamara kuwa tana aiki, komai ya shiga. Lurwanu ya miƙe kunnensa na ƙugi, sai ya hango samari, masu ja da masu kore, sun yi wa makahon nan da tsohuwar nan zobe, suna tare duwatsu da bayansu. Ya juya kyamara can.

Washegari Alhaji Mamuda mai gidan kallo ya kira shi. Ya ce, "Lurwanu, arziki ya same ka. Cire zoɓon nan da makahon nan. Sa faɗan, ka maimaita marin sau uku. Gidana zai yi ta cika, sunanka ya kai birni." 'Yan Gangare su ma suka yi ta sallama a ƙofar gidansa: "Fito da kaset, duniya ta ga Sallau!"

Kada ku ɗauka Lurwanu dutse ne. Ɗan Adam ne, kuncinsa a kumbure, ya kalli wurin marin nan a kaset ya sake kallo, zuciya na tafasa. Amma da ya koma wurin Alhaji sai ya ce, "Alhaji, in na nuna wannan, a gidan kallonka za a ƙarasa faɗan. Sallau kuma 'ya'yansa makaranta ɗaya suke da 'ya'yan Gangare. Marin nawa ne, ni aka mara, na yafe."

Alhaji ya ce, "Ƙarya za ka yi wa mutane ke nan?"

Ya ce, "A'a, Alhaji. Da bakina zan faɗa an yi rikici. Amma waɗanda suka kashe wutar zan nuna, ba waɗanda suka hura ta ba."

Alhaji ya hana shi gidan kallo. Lurwanu ya ari talabijin, ya kafa a filin firamare bayan magariba. Gari ya taru, wasu da sanduna a cikin riga. Sallau ya raɓe can baya yana zufa, yana jiran tonon asirinsa. Lurwanu ya faɗa da bakinsa an yi rikici, ya kunna fim, sai Sallau ya ga kansa a kan babur da ɗan Gangare a bayansa. Fili ya ɗauki dariya da tafi. Aka ga Iya Kande, aka ga zoben samarin nan, iyaye suna nuna 'ya'yansu da yatsa. Fim ya ƙare, ba mari.

Sallau ya ratsa mutane, ya riƙe hannun Lurwanu, ƙaton nan yana hawaye. Ya ce, "Malam Lurwanu, ina marin?"

Ya ce, "Wane mari?"

Sunan Lurwanu bai kai birni ba. Ya koma ɗaukar bikinsa. Amma a wannan taro ba wanda ya zaro sanda, kuma kakar wasa ta gaba tare aka share fili.

'Yan'uwa, yau kowannenmu yana da kyamara a aljihu. Ɗan'uwanka zai yi alheri shekara guda ba ka ɗauka ba, ran da ya zame kai ne na farkon turawa. A cikin kowace hayaniya akwai mai jifa, akwai mai tare jifa, kai ke zaɓen wanda za ka nuna wa duniya. Ka zaɓi alheri, ka rufa wa ɗan'uwanka asiri ko da kai ya cuta. Allah Ya rufa mana namu, duniya da lahira.